Maɓalli kafin megafiksel: yadda na koyi riƙe kyamara a bukukuwan Kaduna

Duk wanda ya zo neman shawarata kan sayen kyamara, tambayarsa ta farko ba ta wuce megafiksel nawa ce, wato yawan ɗigon da ke haɗa hoto. Ni kuwa kyamarata nake miƙa masa, in ce ya kafa ta a ido, ya auna ƙofar shago inda rana take dukan kwalta, sannan ya juyo ciki inda duhu yake, ya gyara haske ba tare da ya raba ta da fuskarsa ba. Idan sai ya sauke ta ya shiga lalube a allo, to a gidan biki kafin ya ɗago an shafa fatiha.

A Tudun Wada na koyi wannan sana'a, a hannun wani dattijo da ya fara hoto tun zamanin fim da ɗakin wanki. Kafin ya bar ni in danna komai, sai da ya kwance gilashin gaba ya nuna min ɗan madubin da ke kishingiɗe a cikin kyamarar. Haske na shigowa sai ya doki madubin, ya haura sama, ya fito ta kafar leƙe zuwa idonka. Kana danna maɓalli madubin zai ɗage, labule ya buɗe, hasken ya sauka a kan sansa, wato ɗan farantin da ke kama hoto a madadin fim, sannan komai ya koma mazauninsa. Wannan ne ƙarar "ƙaras" da ake ji, shi ne kuma ɗan duhun da ke gilmawa a ido. Abin da ya so in gane shi ne kafar leƙen DSLR, wato irin wannan kyamara mai madubi, duniya take nuna maka yadda take, ba yadda hoton zai fito ba. Labarin hoton yana cikin ƙananan lambobin da ke jere a ƙasanta: saurin labule, faɗin ƙofar haske, ISO (wato ƙarfin jin haske na sansa), da ɗan ma'aunin da ke gaya maka ko ka yi duhu ko ka ƙone. Kullum maganarsa ke nan, "Yaro, karanta ƙasa." Ni kuma in ce, "To, Baba," in ci gaba da kallon mutane. Na jima kafin idona ya saba da yin biyun a lokaci guda.

Akwai wani ɗan majuyi ƙarami a gefen kafar leƙen da ake daidaita ta da ƙarfin idon mai ɗauka. Idonsa da nawa ba ɗaya ba ne, don haka duk ranar da muka yi musayar kyamara, daga nan nake farawa.

Kyamarata ta farko irin ta masu koyo ce, mara nauyi, mai majuyi guda ɗaya. Muddin tana kan koren akwatin nan na oto, menu ɗinta gajere ne, an ɓoye mafi yawan shafukan don kada su rikita sabon shiga. Ranar da na murɗa ta na bar oto, sai ga shafuka sun bazu. A Canon haruffan su ne P, Tv, Av da M, a Nikon kuwa P, S, A da M, amma aikinsu guda ne: ko ka zaɓi sauri ita ta zaɓi ƙofa, ko ka zaɓi ƙofa ita ta zaɓi sauri, ko ka riƙe linzami gaba ɗaya. Abin da na yaba a tsarin Canon shi ne launi. Ja na ɗaukar hoto ne, shuɗi na duba wanda aka ɗauka, rawaya na gyaran kyamarar kanta, kore kuma shafinka ne. Ko wanda Turancinsa bai yi nisa ba zai haddace hanya da launi. Babu Hausa a jerin harsunan menu, kuma wannan yana damuna idan na tuna yawan matasan da ke cin abinci da hoto daga Rigasa zuwa Kawo. Akwai Larabci dai, na kuma ga wanda ya fi sakewa da shi.

Ɗaurin aure ne ya koya min darajar maɓalli. A ce an idar da Juma'a a Masallacin Sultan Bello, rana tsaka, ango da abokansa sun sha farar shadda mai ƙyalli, babbar riga har ƙasa. Ma'aunin hasken kyamara an gina shi ne a kan zaton cewa duk abin da ke gabansa, idan aka gauraya, ruwan toka ne matsakaici. Da ya ga fari ya cika fage sai ya ɗauka haske ya yi yawa, ya rage. Shaddar ta koma toka-toka, fuskar ango kuwa, wadda dama baƙar fata ce a ƙarƙashin inuwar hula, ta nutse gaba ɗaya. Maganin shi ne a ƙara haske da hannu, mataki ɗaya ko kusa da haka. Amma idan ka zarce, aikin zaren da ke ƙirjin rigar, wanda aka kashe wa kuɗi, zai wanke ya zama fari fat babu komai a ciki. Tsakanin waɗannan biyun tazarar ba ta da yawa, kuma tana sauyawa duk lokacin da ango ya taka daga rana zuwa inuwar rumfa.

A kyamara mai majuyi ɗaya, sai ka danne wani maɓalli da babban yatsa sannan ka murɗa da manuniya. Ana yi, na kuma daɗe ina yi, amma cikin turmutsitsin masu musabaha, ga gumi a tafin hannu, ga wani yana cewa "Mai hoto, zo ka ɗauke mu da Alhaji," yatsa yakan zame.

Shi ya sa da na tara kuɗi na sayi Canon 60D ta hannu, ƙirar 2010. Megafiksel ɗinta 18, daidai da na ƙanana da yawa na zamaninta, wato a takarda ban ci gaba ba. A hannu kuwa wata duniya ce. Majuyi biyu gare ta, ɗaya a gaba ƙarƙashin manuniya, ɗaya faffaɗa a baya ƙarƙashin babban yatsa. Akwai ƙaramin allo a samanta da ke nuna saitinka da kallo ɗaya, ga maɓallan ISO da na fokas a jere a gabansa. Majuyin zaɓen yanayi yana da makulli a tsakiya, ba ya juyawa don ya gogi riga. Bayan ɗan lokaci sai na ga ina canja haske kamar yadda direba ke canja giya idonsa na kan titi. Ta fi nauyi, kusan giram 750 kafin a ɗaura gilashi, kuma wuya yana sanin haka bayan yinin biki. Na yarda da cinikin.

Na taɓa aron Nikon D7000 a wurin wani aboki, ita ma ta 2010. Abu biyu suka burge ni. Tana cin katin memori biyu, kana iya sa ta rubuta kowane hoto a dukkansu, wanda ga mai ɗaukar auren da ba a maimaitawa kwanciyar hankali ne babba. Sannan tana da U1 da U2 a kan majuyi, ka ajiye saitin waje a ɗaya, na cikin ɗakin taro a ɗaya. Sai dai gilashinta ta ɓangaren da na Canon ke kwancewa yake ɗauruwa, hannuna ya yini yana gardama da ita.

Menu kuwa a gida nake gama shi, daren jajibirin aiki. Koren shafin nan na Canon mai suna My Menu yana ɗaukar abu shida, na zuba masa waɗanda nake nema kullum: goge kati, ingancin hoto, sarrafa filasha, bayanin batir, share sansa, da gargaɗin ƙonewa, wanda ke sa duk inda fari ya wanke ya riƙa ƙiftawa a allo. Wannan na ƙarshen shi ne mai gadin shaddar ango. Akwai kuma saiti ɗaya da nake roƙon kowa ya kashe tun ranar farko, wanda ke barin kyamara ta yi ƙara kamar ta ɗauka alhali babu kati a cikinta.

A wajen kamu da walimar mata allon bayan 60D da ke juyawa yake biyan kuɗinsa. Ƙawayen amarya sun yi da'ira, ba zai yiwu namiji ya kutsa ba, kuma bai kamata ba. Sai in ce, "Hajiya, a ɗan ba ni gefe," in ɗaga kyamarar sama da kawuna, in karkato allon ƙasa. Amma a wannan yanayin madubi a ɗage yake, na'urar fokas mai sauri da ke ƙarƙashinsa ba ta samun haske, don haka kyamarar takan yi jinkirin kama fuska, batir kuma ya zube da wuri. Fitilun ɗakunan taro ma da nasu rigimar, wani ja wani shuɗi. A nan nake sa zafin launi da lamba, 5200 idan hasken rana ne, wajen 3200 idan kwan fitila mai ja ne, in kuma ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, don leshin amarya ya fito da launin da ta saya.

Fokas na abin da ke gudu a filin folo na Murtala Square na koye shi. Na mayar da aikin fokas kan maɓallin AF-ON na baya, na bar na gaba da ɗauka kawai. Babban yatsa yana bin doki, manuniya tana jiran sanda ta haɗu da ƙwallo. Hoto biyar da ɗoriya 60D take yi a daƙiƙa, ya kuma ishe ni har a hawan Sallah a Zariya.

Hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba. Ba na canja gilashi a fili. Idan ya zama dole, sai in kashe kyamarar, in kifa bakinta ƙasa, in juya wa iska baya. Don in san ko ƙura ta hau sansa, farin bango nake ɗauka a f/16, wato da ƙofar haske a tsuke, ɗige-ɗigen sai su bayyana. Da ɗan famfon roba ake hurewa, ba da baki ba.

Tun da Canon da Nikon suka fito da manyan kyamarorinsu marasa madubi a 2018, DSLR na hannu suka yawaita, kuɗinsu kuma ya sauko inda mai koyo zai iya kaiwa. Idan na raka wani saye, nakan sa a duba sau nawa labulen ya buɗe, domin 60D an ƙiyasta mata 100,000, D7000 kuma 150,000. Nikon tana rubuta adadin a cikin bayanan kowane hoto, ta Canon kuwa sai an haɗa ta da kwamfuta. Daga nan sai in murɗa kowane majuyi a hankali in ga ko yana tsallake lamba, in danna kowane maɓalli, in duba ko robar mariƙi ta fara ɓarewa, sannan in miƙa wa mai sayen ya riƙe da kansa, domin tsawon yatsunmu ba ɗaya ba ne.