Abin da ma'aunin ruwa ya koya min a tashar wutar dam

Lokacin da muke aji, in aka zo kan makamashi mai sabuntuwa wutar ruwa ce nake ganin ta fi sauƙin ganewa, ai ruwa ne zai gangaro ta ƙaton bututu ya juya farfela, farfela ta juya janareta, shikenan wuta ta samu. Har lissafin na haddace. Kubik mita ɗaya na ruwa a duk daƙiƙa, in ya faɗo daga tsayin mita 100, zai ba ka kilowat 981 a takarda, in an cire asara ya rage wajen 880, don injinan nan suna iya cin moriyar kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin ruwan, abin da tashar kwal ko gas ba ta ko kusa da shi. To da wannan kan na tafi horon aiki a wata tashar dam.

Sati na biyu wani dattijon injiniya ya ce in lissafa mai wutar da tashar za ta bayar a shekara. Na ɗauki cikakken ƙarfin injinan na ninka da awa 8,760, wato awannin shekara guda, na kai mai da saurina. Ya duba ya ce, "Ɗana, ruwan da zai juya injin awa 8,760 ɗin, a ina za ka samo shi?" Na ce, "Yallaɓai ai ga shi nan a dam." Bai ce komai ba, ya ja ni har wajen ma'aunin da ke jikin bango, ya nuna min shatin da ruwa ya bari a ƙarshen damina da kuma inda ya sauko yanzu.

A nan na gane abin da ban kula da shi a aji ba, in ruwa ya ja baya asara biyu ake yi. Ruwan ya ragu, sannan tsayin da yake faɗowa ma ya ragu, wato ko ka saki ruwa daidai da na watan jiya wutar da zai bayar ba za ta kai ta watan jiya ba. Shi ya sa kullum mutanen ɗakin kula da injina suke cikin auna yau da gobe, in ka sake hannu yanzu za ka ji a jikinka kafin ruwan sama ya dawo, in kuma ka riƙe da yawa damina ta zo da ƙarfi dole ka buɗe ƙofofi ka zubar da ruwan da bai juya komai ba, ga mutanen da ke zaune a ƙasan dam su kuma ambaliya ce. Gaskiya tun daga ranar na daina kallon sabuntuwar a jikin dam, ruwan sama ne yake sabuntuwa, shi ma yadda Allah ya kawo shi. Dubi tashar dam ta Kariba da ke kan kogin Zambezi, a 2024 fari ya sa ruwanta ya yi ƙasa sosai, Zambiya wadda sama da kashi 80 cikin 100 na wutarta daga ruwa take ta shiga duhu na awanni masu yawa kullum, alhali ruwan da zai juya injinan ne kawai ya gaza.

Sai maganar laka. Kogi ba ruwa zalla yake ɗaukowa ba, yana zuwa da yashi da taɓo, da ya iso tafki gudunsa ya mutu sai su kwanta a ƙasa, shekara bayan shekara suna cin wurin ajiya, wanda ya samu wucewa kuma ya dinga goge farfela. Dam ɗin Aswan da aka gama a 1970 ya tare lakar da kogin Nilu yake shimfiɗa wa gonakin Masar, manoma suka koma dogaro da takin zamani.

Abin da ya fi tsaya min a rai kam mutane ne. Dam ɗin Akosombo a Ghana ya tashi kimanin mutum 80,000, babban dam ɗin Sin da ke kan kogin Yangtze mai megawat 22,500 ya tashi sama da miliyan ɗaya, gonaki da makabartu duk suna ƙarƙashin ruwa, kuma ban taɓa ganin wannan a cikin lissafin da muka yi a aji ba. Ni dai ina ganin kamata ya yi a koyar da shi tare da lissafin kilowat, a darasi ɗaya.

Duk da haka har gobe ina son wutar ruwa fa. Na ga an tayar da inji daga tsaye ya hau layi cikin 'yan mintuna lokacin da buƙata ta tashi da magariba, ba hayaƙi ba tankar mai, wannan saurin ne ma ya sa take dacewa da sola da iska, in rana ta faɗi ita ta karɓa. Kafin in gama horon dattijon ya sake ba ni lissafin nan, wannan karon sai da na je na ɗauko rajistar matakin ruwa ta shekarun baya tukun na taɓa kalkuleta.