Wasiƙa daga Manchesta: cinyar yaro da lambar famfas

Assalamu alaikum iyayena mata, yayyena da ƙannena na ƙasar Ringim da Taura da kewaye. Ya gida, ya yara, ya muka ji da zafi? An ce mini bana ranar ba ta zo da wasa ba. Mu nan Ingila sai hadari da yayyafi, rana ta ɗan leƙo kamar amaryar da ba a sayi bakinta ba, ta koma.

Ku yafe mini tun da wuri, yau zan ajiye kunya gefe. Maganar ɗan fari zan yi a bainar jama'a, har da batun kashinsa da fitsarinsa. Na san in aka karanta wa Gwaggo za ta riƙe haɓa ta ce zaman Turai ya gama da 'yar nan. Sunansa dai ba zan kama ba, lalacewar ba ta kai nan ba.

Makon jiya matar ƙanena ta turo mini hoto ta WhatsApp, ta biyo shi da murya kamar za ta yi kuka. Yaronta ɗan wata huɗu ne, ɓulɓul da shi tubarkalla masha Allah, amma matsematsinsa ya yi jajir har fata ta fara saɓulewa. Gidan an rabu uku. Wata ta ce baki ne, tunda duk wanda ya shigo sai ya tanka girman yaron. Wata ta ce zafi ne, a nemo jiƙo. Wata kuma ta ce nonon uwar ne ya yi ƙarfi. Ni ina buɗe hoton na gane abin, don na taɓa ganinsa a ɗakina. Jan ya bi layi ne, ya zagaye kowace cinya kamar an ɗaura zare, wani kuma ya ratsa ta ƙasan cibiya. Yaushe kambun baka ya fara jan layi da rula? Robar famfas ce ta ci naman yaro.

Na ce mata, "Amarya, wace lamba kike sa masa?" Ta ce, "Wallahi Yaya ban san lamba ba, mai shago ne ke tambayar watanninsa ya miƙo." Na ce ta ɗauko katin rigakafi ta duba abin da aka rubuta ranar allurar sati 14. Kilo 8 ne da ɗoriya. Ana ta cusa shi a ƙaramin famfas da ake kira "mini", irin na ƙananan jarirai.

Ban yi mata faɗa ba, don ni na fi ta wauta. Ina da cikin wata takwas baban yaron nawa ya ga an yi rangwame a wani babban kanti, ya jido kwali uku na lamba 1, yana murna ya yi dabara irin ta ɗalibi mai lissafin kwabo. Da aka haihu aka ɗora a sikeli, kilo 4.6. Ungozomar ta dubi abin da na ciro daga jaka, ta dubi yaron, ta yi murmushi ta ce kada in saba da wannan lambar. Ko sati biyu bai yi a ciki ba. Kwali biyu suna nan saman sif har yau, kullum na ɗaga kai sai mun haɗa ido.

Abin da ban sani ba a lokacin, wanda kuma na ga da yawanmu ba mu lura da shi ba: famfas ba ruwansa da wata, kilo yake bi. A ledojin Pampers na nan, lamba 1 daga kilo 2 ne zuwa 5, lamba 2 daga 4 zuwa 8, lamba 3 daga 6 zuwa 10, lamba 4 daga 9 zuwa 14, lamba 5 daga 11 zuwa 16, a haka har lamba 8. A gida an fi kiransu da suna, mini, midi, maksi, juniya, amma ko can in kika juya ledar za ki ga kilo a rubuce. Ki lura lambobin suna hawa kan juna. Yaro mai kilo 9 ya shiga lamba 3, ya kuma shiga lamba 4. Siririn yaro sai ya zauna a ta ƙasa lafiya lau, amma mai cinya da tumbi ta sama ce tasa.

A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, matsakaicin yaro namiji ana haifarsa da kilo 3.3, ya kai 7.9 a wata shida, ya kai 9.6 in ya shekara. Nawa yana wata biyar ya taka nauyin ɗan shekara guda. To mai shagon da ya tambayi wata ya miƙo, me zai miƙo in ba wanda zai yanke shi ba?

Ranar da na fi jin jiki a cikin bas ne, za mu awon yaro. Na ci ado da atamfar da Inna ta aiko mini ta fitar suna, na ɗora shi a cinya. Sai na ji ɗumi. Kun san kashin yaron da nono kaɗai yake sha, ruwa-ruwa, launin ɗorawa. Bai tsaya a famfas ba, ya bi gadon baya ya haura har ƙeya, ya sauko kan atamfa. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta miƙo mini takardar goge hannu guda ɗaya tal, kamar mai kashe gobara da ludayi. Na isa wurin ma'aikaciyar lafiya ina wari, ina zargin kamfanin da ya yi famfas ɗin. Ta kwance shi, ta nuna mini bayan famfas ɗin ko tsakiyar ɗuwawu bai gama rufewa ba, kunnuwan da ake mannewa kuwa da ƙyar suka kamo gefe. Ta ce laifin ba na kamfani ba ne, yaron ya bar lambar tun tuni.

Ita ce ta koya mini gwajin da nake so kowace mai goyo ta riƙe. In kin ɗaura, ki zura yatsu biyu tsakanin famfas da cikin yaro. In ba su shiga ba ya matse, in hannu gaba ɗaya ya shige ya yi yawa. Kunnuwan su zo su zauna a gaba ba tare da kin ja kamar mai ɗaure buhun gero ba. Sannan akwai 'yar tattara a bakin cinya, ki bi da yatsa ki zaro ta waje, don in ta naɗe ciki ta nan fitsari ke tsiyaya. In kin kwance kika ga shaidar roba ta yi ja ta ƙi ɓacewa, ko yaro ya fara jiƙa shimfiɗa kowane dare, ƙara lamba. Garin da ke cikin famfas, wanda ke shan ruwa ya kumbura kamar dafaffen sitaci, babbar lamba ta fi shi yawa, babban yaro kuwa ya fi shan nono, ya fi fitsari.

Na ɗauka na gama da matsala, ashe da sauran rina a kaba. Manyan lambobi an yanka su ne don yaron da ya fara tafiya, wanda tumbinsa ya sauka, cinyarsa ta miƙe. Nawa ko zama bai gama iyawa ba, cinyoyi ninki-ninki. In ƙugu ya yi daidai cinya ta matse, in cinya ta sake baya ya buɗe. Kuma kowane kamfani da irin yankansa, kamar teloli: ka kai wa biyu yadi ɗaya da awo ɗaya, ɗinki ya fito daban. Na gwada kala huɗu kafin na dace da irin na wando, wanda ƙugunsa roba ne duk zagaye, ba a manne shi, in za a cire sai a yage gefe da gefe. A nan kam kun fi mu sa'a. Ku mai tireda ko mai kemis zai ɓalle leda ya sayar miki guda biyu ki gwada. Mu sai dai ki sayi leda sukutum, in bai yi ba ki ƙara wa saman sif kaya.

Na san abin da wasu za su ce: 'yar Turai tana magana kamar kuɗi a ƙasa ake tsinta. Gaskiyarku. Duk sanda lamba ta hau, adadin da ke cikin leda raguwa yake, kowane ɗaya ya ƙara tsada. Ga shi a ƙarshen 2023 kamfanin Procter & Gamble mai Pampers ya sanar zai daina sarrafa kaya a Nijeriya ya koma shigowa da su, a 2024 kuma Kimberly-Clark mai Huggies ya rufe masana'antarsa ta Ikorodu. Kafin kaya ya taso daga Legas, ya sauka kasuwar Singa a Kano, ɗan sari ya kawo shi Gujungu ranar Lahadi, kowa ya ɗora nasa. Shi ya sa uwa ke riƙe ƙaramar lamba don ta fi auki, ta kuma bar guda ɗaya a jikin yaro tun hantsi har magariba. Likitocin nan suna cewa sabon jariri yakan buƙaci canji sau 10 zuwa 12 a yini, wanda ya ɗan tasa sau 6 zuwa 8. Wa zai iya wannan da famfas a ƙauye? Ga zafin bazara da ke haura digiri 40, a kulle yaro cikin leda da fitsari. Kuɗin da aka adana a shago, kemis ke karɓe shi.

Wadda ta fitar da ni a ƙarshe tsohuwar Baturiya ce, maƙwabciyata. Ta ga ina ta fama, ta shigo da wata jaka. Ina buɗewa sai dariya ta kama ni: nafkin ne. Farin tawul mai kusurwa huɗu, sak irin wanda Inna ke shanyawa a igiya jere-jere lokacin da aka haifi autanmu, wanda yanzu muke gani kamar alamar rashi. A nan masu ilimi da abin hannu ke nemansa, har wasu ƙananan hukumomin Landan na ba iyaye takardar rangwame don su saya. Nafkin bai san lamba ba. Yadda kika ninka haka zai zauna, ki saki wajen cinya, ki ɗame wajen ƙugu. Maimakon fil ɗin nan da ke tsorata mu, suna da wata 'yar roba mai ƙafa uku da ke kama tawul ɗin. Wandon roban da ake ɗorawa a sama shi ne kawai za ki nemi mai faɗi, don shi ma yana yanka cinya. Wahalata ɗaya shanya, sai na jera su kan na'urar ɗumama ɗaki su kwana. Ku da rana ke busar da zani kafin a sauke tukunya, ban ga abin da zai hana ba, in dai akwai ruwa da sabulu.

Har ɗora yaro a ƙafa da iyayenmu ke yi da sassafe, a zaunar da shi tsakanin ƙwauri ana yi masa "sss" har ya yi, Turawa sun raɗa masa suna, suna rubuta littattafai a kai. Yanzu da rana nafkin nake sa masa, wani lokacin in shimfiɗa tsumma in bar shi tsirara ya sha iska. Famfas sai dare da fita unguwa. Matar ƙanena ma haka na ce ta yi: ruwa zalla wajen wanki, a bari ya bushe, a shafa man kaɗe ko basilin kaɗan, a bar hoda. In kwana uku bai yi sauƙi ba, ko jan ya shiga cikin ninkin fata da ƙananan ƙuraje a gefe, ta kai shi asibiti, wannan ya wuce na roba. Nono kuma kada wanda ya sa ta rage masa don wai ya cika girma.

Abu ɗaya zan ƙara wa masu ciki. Jaririn da ya haura kilo 4 likitoci na sa masa ido, don wani lokacin gado ne, wani lokacin kuma sugan uwa ne ya hau saboda cikin ba ta sani ba. Ana gwada wannan tsakanin sati 24 da 28. Ni nawa gwajin lafiya ya fito, gadon dangin ubansa ne, kun dai san su. Amma wadda ta taɓa haifar ƙato ta faɗa a wurin awo, kada tsoron baki ya sa ta ɓoye, ta kuma haihu a asibiti. Doguwar naƙuda ce ke kai mata da yawa sashen masu yoyon fitsari na Jahun.

Kwali biyun nan na saman sif zan ba wani ɗan Kano da zai taho bayan Sallah. Inna, in sun iso ki ajiye wa wadda ta haifi ɗan madaidaici, kada a kai wa Amarya, ko ƙafa ɗaya ta yaronta ba za ta shiga ba. Ki kuma haɗo mini man kaɗe da kuka da daddawa in zai dawo. A gaida Baba, a gaida Gwaggo, a ce mata har yanzu ban kama sunan ba.

Taku,
'yarku da ke Manchesta