Mota mai ƙofa biyu da jariri a gaba, don Allah ku saurare ni

Jiya da la'asar ina shan mai a Kwangila sai ga ɗan maƙwabcinmu ya shigo da jar motar nan tasa mai ƙofa biyu da ake jin rurinta tun daga nesa. Yaron nan a gabana aka raɗa masa suna, yanzu shi ma ya zama uba. Na leƙa mu gaisa kawai sai na ga kujerar jariri a gaba kusa da shi, an ɗan zagaya mata bel, jaririyar na ta barcinta. Na ce kai mayar da yarinyar nan baya. Ya ce Baba ai bayan ba wuri, kuma nan Tudun Wada kawai zan kai su, yana magana idonsa na kan waya. Wallahi jikina ya yi sanyi, don maganar nan ni na riga shi faɗa.

Lokacin da nake ji da kaina Toyota Celica nake hawa, 'yar Kwatano, na yi shekaru ina tari kafin na same ta, ko da na yi aure aka haifa min 'ya ban iya rabuwa da ita ba. Kuma ni fa a lokacin ina ganin na fi kowa wayewa, don na shiga kasuwar Sabon Gari na sayo kujerar yara ta gwanjo alhali abokaina a cinya matansu ke riƙe 'ya'ya. To wa ya fi wani kula? Har yau wani lokacin haka nake faɗa wa kaina. Kujerar ba takarda ba bayani, mai shagon ma bai san yadda ake ɗaura ta ba, ba wanda ya taɓa tsayar da ni a hanya ya ce malam ba haka ake yi ba. Amma gaskiya ita ce na gwada sa ta a baya, sai ka kwantar da kujerar gaba ka sunkuya ka tura rabin jikinka ciki cikin zafin nan na watan Afrilu, na gaji, na dawo da ita gaba. Igiyoyin ƙirji kuma na sassauta su saboda tana kuka in an matse. Maman ta yi magana na ce ta bar ni na fi ta sanin mota.

Muna gangarowa wajen Ɗan Magaji wani mai acaɓa ya faɗo min, na take birki da ƙarfi. Ban taɓa shi ba, ko ƙwarzane motar ba ta yi ba, amma kujerar ta kife gaba gaba ɗayanta, bakin yarinyar ya daki dashbod, leɓe ya tsage jini ya wanke mata riga. Shekararta ɗaya da rabi. Laifin mai acaɓan ne, wannan ban janye ba har gobe, sai dai shi bai ɗaura kujerar ba. Likitan da ya ɗinke ta ne ya tambaye ni ko motar na da eyabag, wato jakar iskan nan da ke fashewa in an yi karo, a ɓangaren fasinja, na ce e, ya ce to ka gode wa Allah ba ka daki komai ba, abin nan fitowa yake da gudun da ya wuce kilomita 200 a awa kuma don ƙirjin babba aka yi shi, ba kan yaro ba. Tabon na nan a leɓenta, ta zama budurwa yanzu.

Na so in jero muku shawarwari da yawa amma na san ku yaran yanzu ba karantawa za ku yi ba, abu in ya wuce minti ɗaya kun wuce. To ga shi a taƙaice. Yaro baya, ko 'yan rod sefti cewa suke ƙasa da shekara 12 kada ya zauna gaba. Jariri kuma kujerarsa baya take kallo, ba gaba ba, aƙalla har wata 15, in ya kai shekara 2 a haka ya fi, saboda wuyansa bai yi ƙwarin riƙe kansa ba. Irin wannan kujerar in ka sa ta gaban eyabag mai aiki, kan yaron daidai inda zai fashe yake. In motarka mai kujera biyu ce kacal kuma ba wurin kashe eyabag ɗin da makulli, ba motar ɗaukar jariri ba ce, ka sayar kawai.

Ko kuma kar ka sayar, na san wahalar da aka sha kafin a saya, ka ari ta yayanka ko ta gida ranar da za a fita da yaro. Ku da kuke kashe kuɗi a rim da salansa, wannan ne zai gagare ku?

Zura hannu tsakanin mazauni da majinginar kujerar baya, za ka ji ƙarfe biyu, su ake kira ISOFIX, yawancin motocin Amurka daga 2002 suna da su, nan kujerar yaron ke kamawa. In babu, bi da bel ta hanyar da aka zana a jikin kujerar, ɗora gwiwarka ka danne ka ja har ya ƙare. Girgiza ta daga gindi, in ta motsa fiye da inci ɗaya ka sake. Igiyar ƙirji in ka iya tsunkule ta da yatsu biyu a kafaɗa ba ta matsu ba, ya yi kukansa. Kuma a je da motar wurin sayen kujerar a gwada, don bayan irin motocin nan ƙunci gare shi, ba kowace kujera ke shiga ba, in ta kama wanda ke gaba ya matsa har gwiwarsa ta kusa dashbod to ya matsa.

Kujerar gwanjo kar ku saya, ba ku san ko ta taɓa haɗari ba, robar ma tana da wa'adi, duba kwanan wata a ƙasanta. Amma in ita ce ƙarfinka saya, ta fi cinya nesa ba kusa ba. A gudun kilomita 50 kawai yaro mai kilo 10 kan koma kamar buhun siminti 6, wace uwa ce za ta riƙe wannan? Ku mata ma har da ku, in ya fara kukan nono a hanyar Kaduna kar a ciro shi mota na tafiya, a ce wa maigidan ya sami wuri ya faka.