Ƙarfe ma yana gajiya

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a aikin injiniyan da ke zana injinan masana'anta shi ne yadda tunaninsa ke komawa kan ranar da injin zai lalace, tun kafin a yanka ƙarfen farko. Kwamfuta ta sauƙaƙa zane ƙwarai, har tana nuna inda nauyi zai fi taruwa a jikin kowane sashe, amma injiniyan ne zai yanke shawarar kaurin ƙarfen da zai jure aikin dare da rana na shekaru.

Babbar matsalarsa ita ce gajiyar ƙarfe. Duk wanda ya taɓa lanƙwasa waya yana miƙar da ita har ta tsinke, ya ga abin da idonsa. Sandar ƙarfen da ke juyawa sau 1,500 a minti tana zagayawa fiye da sau miliyan 2 a kwana ɗaya, kuma idan akwai nauyin da ke danne ta, kowane zagaye yana jan gefenta sannan ya matse shi. A hankali wata tsaga da ido ba ya gani takan fara, galibi a kusurwa mai kaifi ko a bakin walda, ta yi ta ci ciki har sandar ta karye farat ɗaya, a ƙarƙashin nauyin da ta saba ɗauka lafiya lau. Karyewar sandar da ke haɗa ƙafafun kan jirgi ce ta jawo mummunan hatsarin jirgin ƙasa kusa da Versailles a Faransa a 1842. Daga baya wani injiniya Bajamushe, August Wöhler, ya shafe shekaru yana gwada irin waɗannan sanduna, ya nuna cewa yawan maimaituwar nauyi da girmansa ne suke ƙayyade tsawon ran ƙarfe. Shi ya sa mai zane na ƙwarai yake zagaye kusurwa maimakon ya bar ta da kaifi, kuma yake ƙara wa lissafinsa rara saboda abin da bai hango ba.

Zafi ma yana da nasa lissafin, domin sandar ƙarfe mai tsawon mita ɗaya takan ƙaru da kusan milimita 0.6 idan zafinta ya hau da digiri 50, kuma wannan ya isa ya matse boris idan ba a bar masa wurin motsi ba.

Sai dai inda nake auna mai zane da gaske shi ne ko ya tuna da bakaniken da zai gyara injin. Akwai notin da ake sakawa a lungun da sifana ba ta shiga, da boris ɗin da sai an kwance rabin inji kafin a canza shi, alhali kowace sa'ar da injin ya yi a tsaye asara ce ga masana'anta. Haka kuma, idan sai an cire murfin kariya kafin a zuba giris, wata rana za a manta a mayar da shi, hannun ma'aikaci kuwa yana kusa da bel mai gudu. Ina ganin wajibi ne injiniya ya fitar da bakin zuba giris waje, kuma ya sa maɓallin tsayar da inji a inda hannu zai kai ba tare da lalube ba.