Tayil huɗu a banɗakin Hajiya

Watana na huɗu da fara koyon aikin famfo na yi ɓarnar da har yau ban manta ba, kuma da sifana kawai na yi ta. Kan famfon banɗakin wata Hajiya ne yake ɗiga, aikin da bai taka kara ya karya ba, sai maigidana ya tura ni ni kaɗai. Na sayi sabon kai, na rufe bawul ɗin da ke ƙarƙashin tanki, na kwance tsohon, na naɗa farin tef a tiredin sabon, wato zanen gindinsa da ake murɗawa ya shiga, na ɗaura. Da na saki ruwa sai na ga gindinsa yana ɗan gumi. Na ƙara masa sifana, bai daina ba. Na sake ƙarawa, har da tokare bango da ƙafa. Sai na ji "ƙas". Soket ɗin roba da ke cikin bango, inda ake ɗaura kan famfon, ya tsage, ruwa ya fara bin bayan tayil.

Hajiya ta leƙo ta ce, "Yaro, lafiya dai ko?" Na ce, "Lafiya lau, Hajiya," alhali ruwa ya riga ya jiƙa mini wando.

Da maigida ya zo bai ɗaga murya ba, abin da ya fi duka ciwo. Ya kwance kan famfon ya nuna mini tef ɗin: a baibai na naɗa shi, saboda haka ina ɗaurawa yana warwarewa, har ya dunƙule a baki. Idan bakin tiredin yana kallonka, yadda hannun agogo ke tafiya ake naɗa shi, a ɗaura da hannu har ya tsaya, sannan a ɗan taɓa shi da sifana. Ya ce, "Da ka kwance ka duba, da minti biyu sun ishe ka. Yanzu sai mun cire tayil huɗu."

Abin kunyar bai ƙare a nan ba. Da yamma a shago ya ɗauko tsohon kan da na cire, ya zare mariƙin, ya kwance cikinsa, ya ciro wata 'yar baƙar roba mai kamar maɓallin riga, duk ta lotse ta tsattsage. Ita kaɗai ce ta lalace. A famfon da ake murɗawa zagaye da yawa, robar nan ce ke sauka ta toshe ramin da ruwa ke fitowa. Idan ta tsufa sai ɗiga ta fara, mutanen gida su shiga matse mariƙi da ƙarfi, matsin ya ƙara cinye robar, daga baya ya ci har tagullar da take zama a kai. A lokacin ne kan ya tashi aiki da gaske. Na sha shiga gida in tarar an ɗaure famfo da robar tayar keke ko da leda, an yi wata biyu a haka. Wato abin da na yi wa bangon Hajiya shi jama'a ke yi wa famfonsu kullum, sai dai su a hankali suke yi.

Kuma ɗigar ba ƙaramar asara ba ce. Idan famfo yana ɗiga sau ɗaya a kowane sakan, ɗigo 86,400 ke nan a kwana guda, kusan jarka ɗaya ta 'yan garuwa. Wanda yake sayen ruwa a kura, ko yake zuba fetur a janareta don ya cika tanki, ya san kuɗin jarka.

Famfunan yanzu da ake juyawa sau ɗaya su rufe ba su da wannan roba. Wasu 'yan fayafayan tangaran guda biyu ne a ciki suke goga juna. Suna daɗewa, amma maƙiyinsu yashi ne, mu kuwa a Kano gidaje da yawa da rijiyar burtsatse suka dogara. Ƙwayar rairayi ɗaya ta shiga tsakani ta karce su, shi ke nan, sai an canja cikin gaba ɗaya. Na taɓa canja wa wani gida sau uku a shekara ɗaya kafin hankalina ya kai ga in hau in leƙa tanki. Laka ce da yashi kwance a gindinsa, sun kusa kai bakin bututun da ruwa ke fita. Tun daga ranar, duk gidan da famfo ya cika lalacewa, tanki nake fara tambaya: yaushe rabon a wanke shi?

Ƙorafin da na fi ji bayan ɗiga shi ne ruwa ba ya zuwa da ƙarfi. Idan famfo ɗaya ne ya yi sanyi saura suna lafiya, yawanci 'yar ragar da ke bakinsa ce ta toshe da yashi ko farin dattin nan mai kamar kanwa. A kwance ta, a jiƙa a ruwan lemun tsami, a goge da tsohon buroshin haƙori, ta koma daidai. Idan duk gidan ne, a duba bawul, a duba tsayin tanki. Tanki yana buƙatar tsayin kusan mita 10 kafin ya ba da ƙarfin "bar" ɗaya, wato ma'aunin ƙarfin ruwa, alhali yawancin namu ba su wuce mita 4 ko 5 ba. Shi ya sa mutum zai sayo famfon kicin mai tsada, ɗan waje, wanda aka ƙera don ruwa mai ƙarfi, ya zo yana tsiyaya kamar bakin buta, ya ce mai aiki ne bai iya ba. Idan kuwa tanki ya ƙare ƙarƙaf aka sake cika shi, famfo ya riƙa tari yana tofar da ruwa, iska ce ta shiga bututu, sau da yawa buɗe duk famfunan gidan na ɗan lokaci yana fitar da ita.

In ya zama dole a sayi sabo, a kasuwar Ƙofar Ruwa akwai iri-iri, kuma duk sheƙi ɗaya suke yi. Maigida ya koya mini in ɗora biyu a tafin hannu in ji nauyi. Tagulla tana da nauyi, mara nauyin kuwa ƙarfen banza ne aka shafa wa fenti, tiredinsa na iya karyewa a cikin soket.

Tayil huɗun nan ba mu samu irin launinsu ba, sai masu ɗan haske muka saka. Har yanzu ni Hajiya take kira idan famfonta ya samu matsala, kuma duk sanda na shiga banɗakin sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, a dai yi a hankali da bangon."