Lambar da ke cikin adakar Inna

Kakata Inna ba ta taɓa ganin mahaifinta ba. Tana ciki aka ɗauke shi soja daga nan Argungu lokacin yaƙin Hitila, ya tafi ƙasar Bama (Myanmar ta yanzu) bai dawo ba, iyakar abin da muka taso muna ji ke nan. Bara da muke gyara mata ɗaki kafin damina na ci karo da wata takarda cikin adakarta, an naɗe ta a tsumma, duk ta yi ja ta kusa rabewa biyu. Wani abokinsa cikin mazan jiya ne ya kawo wa uwarta bayan yaƙi, kuma ba wanda ya taɓa karanta ta don da boko take. Sunan mahaifin nata ne a jiki, sai NA da wasu lambobi, wato lambarsa ta soja.

Da farko da suna na riƙa nema a intanet kuma wallahi na sha wuya, don a lokacin sau da yawa Turawa ba sa rubuta sunan uba yadda muka sani, sunanka kawai sai su liƙa maka sunan gari ko na ƙabila, kuma lokacin babu jihar Kebbi sai 1991, duk muna ƙarƙashin lardin Sakkwato, to ka ga masu suna iri ɗaya da Sokoto a ƙarshe ba sa ƙirguwa. Ga rubutun sunan ma kowane akawu da yadda kunnensa ya ji. Lambar nan ce ta cece ni.

Akwai shafin hukumar kula da kaburburan sojojin Commonwealth, CWGC, kyauta ne, amma waɗanda suka mutu kawai ke ciki. Na sa lambar, gabana na faɗuwa, sai ga shi: Nigeria Regiment ta RWAFF, wato rundunar sojan Ingila ta Afirka ta Yamma, ya rasu farkon 1945. Lokacin ne runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma ke gwabzawa da Jafanawa a yankin Arakan na Bama, har suka kama garin Myohaung a watan Janairu. Barikin Myohaung da na Arakan da ke Legas daga can suka samo suna, ni da na sha jin sunayen nan ban taɓa kawo wa raina akwai jinina a ciki ba.

Ba shi da kabari. Sunansa na jikin bangon tunawa na Rangoon a maƙabartar Taukkyan can Bama, cikin kusan mutum 27,000 da ba a san inda suke kwance ba.

Bayan la'asar na sami Inna kan tabarma na nuna mata a waya, ta daɗe tana kallo duk da ba ta karatu, ta shafa gilashin da ɗan yatsa. Ta ce, "Ɗan nan, sun yi mashi sallah?" Na kasa amsa mata. Ran Juma'a muka yi gumba da masa aka raba sadaka, liman ya yi masa addu'a da cikakken sunansa har da na ubansa, wanda Turawa ba su rubuta ba.