An yi taro an tashi lafiya, ga godiyata

Alhamdulillahi Rabbil alamina. An yi taro an tashi lafiya, baƙi duk sun koma, na ƙarshensu mutanen Maraɗi ne, kuma ɗazu suka aiko cewa sun wuce Jibiya sun isa gida. Muryata a dishe take, ƙafafuna sun kumbura, amma ba zan iya kwanciya da nauyin godiyar nan a kaina ba.

Ba sai na sake jero muku wahalar ba, tare muka sha ta. Duk wanda yake Arewa a wannan Oktoba ta 2024 ya san yadda muka kwana muka tashi cikin duhu, bayan an lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, sannan na Ugwuaji zuwa Apir da aka jingina da shi ma ya samu matsala. Litar fetur ta haura naira 1,000, teloli da masu walda sun naɗe hannu, ruwa ma sai an bi 'yan garuwa da lallashi. A cikin wannan hali muka ce za mu tara jama'a a Kano a tattauna fasahar zamani. Waɗanda suka ba mu shawarar a ɗage, na san don Allah kuka faɗa, na gode.

Godiyata ta farko ga masu jawabi. Kun tuna mun roƙi kowa ya ɗauki gajeren bidiyo kafin ranar taro, ya faɗi ko shi wane ne, me yake yi, da abin da za a tattauna a zaman da zai jagoranta, muka kuma ce da Hausa muke so. Na san nauyin da na ɗora muku. Wasunku sun daɗe suna aiki da Turanci, ko iyayensu ba su taɓa yi wa bayanin sana'arsu ba, ga shi kuma waya babu caji. Duk da haka babu wanda ya ce ba zai iya ba.

Barista, ke kika fara aiko da naki. Kin buɗe da tambaya, ko akwai wanda manhajar ba da rance ta taɓa tozarta shi, ta bi lambobin wayarsa tana aika wa surukai da abokan aiki saƙo. Sannan kika ce tun watan Yunin 2023 akwai Dokar Kare Bayanai, wadda ta ba mutum ikon ya tambayi abin da aka ajiye a kansa, ya janye amincewarsa, ya kai ƙara gaban hukumar kare bayanai ta ƙasa. Mata da yawa sun ce mini saboda tambayar nan kaɗai suka zo. Injiniyanmu na Gusau, a cikin mota ka ɗauki naka don a nan ne kawai kake samun caji. Ka tuna mana watan Satumban 2021 da aka katse layukan waya a Zamfara, mutum ya hau mota ya fita daga jihar don kira ɗaya ko tura kuɗin asibiti, ka ce zamanka na masu ƙera abin da zai yi aiki a ƙaramar waya ne, ko da intanet ko babu. Allah ya zaunar mana da Zamfara lafiya.

Malam na Maraɗi, kai ka jagoranci zaman Hausa da ƙirƙirarriyar basira. Ka ce tun 2013 Google Translate ya saka Hausa, amma har yau na'ura ba ta ji muryoyinmu yadda ya kamata ba, kuma in ba ta taɓa jin tsohuwar Sakkwato ko manomin Damagaram ba, to ba za ta gane su ba ranar da suka buƙace ta. Ka roƙi kowa ya shiga Common Voice, shafin da ake tara muryoyin mutane don koya wa na'ura harshe, ya karanta ko da jimla goma. Na ga 'yan mata suna yi a bakin zaure kafin a tashi.

Sai Hajiya mai POS. Sau biyu kina ce mini ke ba ki yi jami'a ba, a nemi wata. Da kika yarda, a cikin rumfarki kika zauna, hayaniyar kasuwa na tashi a bayanki, kika ba da labarin ƙarancin takardun naira na farkon 2023, yadda kika ga magidanta da kuɗinsu a asusu amma an kasa ɗora tukunya a gida. A ganina ba a yi gabatarwar da ta kai taki ba, kuma ranar taro ma'aikatan banki da ke gefenki rubutawa suke yi in kina magana.

Akwai dare ɗaya da ban gaya wa kowa ba sai maigida. Bidiyon nan su ne kaɗai tallarmu, ba mu da kuɗin rediyo. Sun taru a kwamfutata ba a gyara ba, ba a ɗora ko ɗaya ba, batirin ofis ya mutu, janareta ya ƙi tashi, ga jita-jita ta fara yawo wai an fasa taro. Mun karɓi kuɗin mutane, mun biya zaure, baƙi sun sayi tikitin mota. Bayan sallar isha'i na zauna a tsakar gida na ji gabana yana faɗuwa irin wanda ban taɓa ji ba, ina tunanin da wane ido zan kalli waɗannan bayin Allah da suka sha wuya suka ɗauko bidiyo saboda ni.

Ƙanin maigida ne ya ce mu gwada shagon cajin da ke bakin layinmu. Mun tarar yaron mai shagon yana haɗa kaya zai rufe, man janaretansa ya kusa ƙarewa. Na yi masa bayani a gurguje, ban ma san ko ya fahimta ba. Ya dubi kwamfutar, ya dube ni, ya ce, "Anti, zauna." Ya kashe fankarsa da rediyonsa, ya cire tasa wayar daga soket ya saka mini, ya zaro cinikinsa na ranar ya ba ƙaninsa ya hau babur ya nemo mai wajen 'yan bumburutu. Muka zauna a kan benci har dare ya raba, sauro na cizo, ina yanka bidiyo ina ɗorawa ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana tsaye a bayana yana kallo. Da aka zo kan na Hajiya mai POS sai na ji ya matso. Ya kalla har ƙarshe, sannan ya tambaye ni a hankali, "Anti, irinmu ma ana bari mu shiga?" Wallahi sai da na juyar da kai don kada ya ga hawayena. Da muka gama na miƙa masa kuɗi ya ƙi karɓa, na ce ko na man ne ya karɓa, ya ce in bar shi, in sa shi a addu'a, in kuma ajiye masa kujera.

Ya zo. A layin gaba ya zauna da farar shaddarsa, kuma a zaman wutar sola shi ya fara ɗaga hannu, ya tambayi girman batir da faifan da za su riƙe shago irin nasa ba tare da mai ba. Injiniyoyi biyu sun tsaya da shi bayan an tashi suna yi masa lissafi a takarda. Ƙanena, ka roƙe ni kada in ambace ka, kuma na san ba a son tallata mai alheri, amma yabon gwani ya zama dole. Na ɓoye sunanka kamar yadda ka so, sai dai duk ɗan unguwarmu ya san shagon. Allah ya buɗa maka ta inda ba ka zato, ya mallaka maka solar nan da ka tambaya, ya jiƙan mahaifinka, ya sa ka gama da mahaifiyarka lafiya.

Washegarin daren nan wani dattijo ya kira ni. Ya ce ya ga bidiyon 'yar Zariya mai rubuta manhaja, da hijabinta, tana gaida iyaye kafin ta fara bayani, don haka zai kawo 'ya'yansa mata biyu da kansa. Ya kawo su, ya zauna a baya har aka rufe da addu'a. Baba, Allah ya ƙara girma, ya shirya maka zuriya.

Maigida, ban san da bakin da zan gode maka ba, Allah ya bar mu tare. Hajiyarmu, kin riƙe mini yara ba ki taɓa nuna gajiya ba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Matasan 3MTT, shirin gwamnatin tarayya na koyar da fasahar zamani, da suka jera kujeru suka tsaya a ƙofa, mai abinci da ta yi girki da asuba don babu firjin ajiya, Baba mai gadi, da malamar da ta tsaya wuni guda tana fassara da maganar hannu don 'yan uwanmu kurame, Allah ya saka muku da mafificin alheri.

Akwai kujerun da na keɓe wa dangi a gaba, wasu har aka tashi babu kowa a kai. Mutum ya tsallako iyaka daga Nijar, wani ya biyo hanyar Funtuwa da fargabarta, amma na cikin gari da adaidaita sahu ɗaya zai kawo shi ko kira bai yi ba. Na san kowa da uzurinsa a wannan lokaci. Na dai duba ƙofa fiye da sau ɗaya. Allah ya bar zumunci.

Hotunan zaman duka suna hannunmu, za mu ɗora su da zarar wuta ta samu, masu tambaya ku ƙara haƙuri. Wanda muka ɓata wa a cikin hidima ya yafe mana. Ya Allah ka karɓi wannan aiki, ka sanya albarka a ilimin da aka baje, ka amfanar da yaranmu maza da mata, ka biya wa duk wanda ya taimaka buƙatunsa na duniya da lahira, ka yaye wa Arewa wannan duhu da rashin tsaro, ka ba marasa lafiyarmu da ke asibitoci sauƙi, ka jiƙan iyayenmu da malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya. Amin summa amin.